TARIHIN NEMAN MAGANI CIKIN ITATUWA, DAGA DAJIN KURFAI ZUWA JAMI'A

  

Zancenmu na yau tarihi ne. Za mu ba ku labarin yadda masanan jami'o'i suka shiga neman sababbin magunguna cikin itatuwa da ciyayi da ƙasa, da inda aikin ya faro, da abin da ya haifar, da kuma rabonku a cikinsa. Mutane da yawa in sun karɓi ƙwaya a gidan likita, suna tsammani abu ne da aka ƙera kamar yadda ake ƙera ƙusa ko allura. To, ku sani magunguna masu yawa asalinsu ganye ne, ko saiwa, ko ɓawo, irin waɗanda kuke wucewa kullum a kan hanyar gona.

SANIN DA MUKA GADA

Tun kafin a gina gidan likita ko ɗaya a ƙasar nan, mutane suna ciwo, suna kuma neman magani. Daji shi ne kantin maganinsu. Mai jego ana dafa mata sabara. Yaro mai zawo a jiƙa masa bagaruwa ko kalgo. Wanda cikinsa ya ɗaure a ba shi filasko. Mai masassara ya sha ɓawon maɗaci, yana yamutsa fuska don ɗaci. Makiyayi kuwa ya san marke yana korar tsutsar ciki ga tumaki. Ungozoma tana da nata sani, wanzami yana da nasa, haka maharbi da maɗori da boka.

Wannan sani ba a wuni ɗaya aka same shi ba. Kakanni sun yi ta gwadawa shekaru aru-aru, wasu suka warke, wasu suka cutu, na baya suka riƙe abin da ya yi amfani. Amma yana da rauni iri biyu. Na farko, a ka yake zaune, kuma sau da yawa asiri ne na gida. Tsoho in ya rasu bai faɗa wa kowa ba, ya tafi da abinsa. Na biyu, ba shi da awo tsayayye. Tafin hannun wannan ya fi na wancan girma, ganyen damina kuma ƙarfinsa dabam da na rani. Duk tarihin da za ku ji yanzu, ƙoƙari ne na gyara waɗannan abubuwa biyu, wato a rubuta sanin, a kuma auna shi.

ZAMANIN TURAWA

Bari mu fara da kinin, tun da kowa ya san sunansa. Asalinsa ɓawon wani itace ne na duwatsun Amurka ta Kudu, wanda ake jiƙawa a sha don masassara. A shekarar 1820 wasu masu haɗa magani biyu a birnin Paris, Pelletier da Caventou, suka tace ɓawon har suka fitar da ainihin abin da ke kashe ciwon. Daga ran nan aka iya auna shi a ma'auni, a ce babba ya sha kaza, yaro ya sha kaza. Wannan ita ce hanyar da masana suke bi har yau.

Da Turawa suka shigo Afirka, sai suka sa ido ga itatuwanmu. Kun san ƙwanƙwani, wanda maharba suke haɗa dafin kibiya da ƴaƴansa. Wani malamin jami'ar Edinbara a ƙasar Birtaniya, Thomas Fraser, ya yi shekaru yana binciken irin wannan dafi da aka kawo masa daga Afirka, har a 1885 ya nuna cewa in an ba da shi ɗan kaɗan ƙwarai, yana ƙarfafa zuciyar da ta gaza. Abin da ke kayar da barewa ya zama maganin likita. Bambancin guba da magani, awo ne.

Haka geza, wadda ta cika tuddai da faƙon ƙasarmu. Mutanen Senegal da Gine suna shan ganyenta kamar shayi, suna ce mata kinkeliba. A 1891 wani malami a Marseille mai suna Heckel ya yi rubutu a kanta, a 1937 kuma aka shigar da ita cikin littafin magunguna na hukumar Faransa. A 1933, can ƙasar Sudan, wani likita mai suna Archibald ya nuna cewa ƴaƴan aduwa in an jiƙa su cikin ruwa suna kashe katantanwar da ke ɗauke da cutar tsargiya, wato fitsarin jini.

A ƙasar Hausa ta Najeriya kuwa, wani likita mai suna Dalziel ya yi ta tambayar mutane sunayen itatuwa da amfaninsu. A 1916 ya buga littafin sunayen tsirrai da Hausa, a 1937 ya buga babban littafi a kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Har gobe masana suna buɗa waɗannan littattafai. Sai dai ku lura da abu guda. Sunan likitan yana kan bangon littafi, amma maharba da tsofaffin mata da suka ba da sanin, tarihi bai riƙe sunayensu ba.

BAYAN MULKIN KAI

Da ƙasashenmu suka sami mulkin kai a 1960, sai shugabanni suka ga likitoci kaɗan ne, magani kuma daga ƙetare yake zuwa da tsada, alhali yawancin jama'a wajen mai maganin gargajiya suke fara zuwa. A 1968 Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta tara masana a Dakar domin su duba zancen itatuwan magani. A cikin wannan shekara kuma, a nan Yamai, aka kafa majalisar da ke kula da ilimi mai zurfi a ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci, wadda ake kira CAMES. Ita ce ta shirya taron masana kan maganin gargajiya a Lome a 1974, sa'an nan na biyu a Yamai a 1976. A 1978 kuma babban taron lafiya na duniya da aka yi a Alma-Ata ya yarda cewa masu maganin gargajiya suna da wuri cikin aikin kiwon lafiyar jama'a, in an ba su horo.

A daidai wannan lokaci ne ƙasarmu ta sami jami'arta. An buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai a 1971, ta zama jami'a a 1973, a 1992 aka sa mata sunan Abdu Mumuni, masanin nan na hasken rana. Aikin farko da masana suka sa gaba shi ne tattara suna. A 1972 aka buga binciken Adam da Echard da Lescot a kan itatuwan magani na Hausawan Adar. A 1977 Peyre de Fabrègues ya fitar da ƙamus na sunayen tsirran Nijar cikin harsunan ƙasa. A 1980 aka buga littafin wata tawaga da Farfesa Adjanohoun na ƙasar Benin ya jagoranta, wadda ta zauna da masu magani tana rubuta itace da ciwon da ake sha dominsa, tare da zanen kowane tsiro. Cikin tawagar akwai ɗan ƙasarmu Mahamman Sa'adu, masanin tsirrai, wanda daga baya ya shugabanci jami'ar Maraɗi.

Wani zai ce, mene ne wahalar rubuta suna? To, ku dubi kasuwar Balleyara ran Lahadi. Bahaushe ya ce aduwa, Bazabarme ya ce garbai, Bafillace ya ce tanni, Buzu ya ce aborag, alhali itace guda suke nufi. Wani lokaci kuma suna guda ne a kan itatuwa biyu dabam, ɗaya magani, ɗaya cuta. Shi ya sa masana suke tsinko reshe da ganye da fure, su busar tsakanin takardu, su ajiye, su ba kowane tsiro suna guda da duniya duka ta sani. Na aduwa shi ne Balanites aegyptiaca.

Bayan masu suna, sai masu tacewa. A sashen kimiyyar haɗe-haɗe na jami'ar Yamai, Farfesa Khalid Ikhiri da abokan aikinsa suka ɗauki itatuwan da masu magani suka ambata suna bincika abin da ke cikinsu. A 1984 suka fitar da littafi kan maganin gargajiyar Nijar ta hannun cibiyar CELHTO ta Yamai, mai tattara tarihin baka. A 1992 kuma suka buga sakamakon awon tsirrai masu yawa, tare da Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, wanda jami'ar Maraɗi take ɗauke da sunansa. Tun daga 2010 jami'o'i sun ƙaru a Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2014 kuma jiharmu ta Tilaberi ta sami tata.

ABIN DA AKE YI A ƊAKIN BINCIKE

Bari mu bayyana muku aikin daki-daki, don ku gane abin da ya sa yake daɗewa. Ana shanya ganye ko saiwa a inuwa, a daka, a jiƙa garin cikin ruwa ko wani ruwan awo mai jawo abin da ke ciki. A tace, a ƙafe ruwan, a sami tsantsar abin. Sai a zuba shi a kan ƙwayoyin cuta da aka reno cikin ƴan faranta, a ga ko zai kashe su. In ya yi, a gwada ga ɓeraye, a ga ko yana warkarwa, a ga kuma yawan da ke lalata hanta ko ƙoda. Sai an wuce duk wannan ake gwadawa ga mutane, da yardarsu, ƙarƙashin idon likita, ana kwatanta shi da maganin da aka riga aka sani. Tafiyar takan ci shekara goma ko fiye, kuma yawancin abin da aka gwada a hanya yake faɗuwa.

Ga misali da sabara. A shekarar 2000 masanan Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka buga wani gwaji. Sun gauraya tsantsar ganyen sabara da dafin kububuwa da na gamsheƙa, suka yi wa ɓeraye allurarsa, suka ga dafin ya rage ƙarfi. Wannan labari ne mai daɗi, amma ku fahimce shi da kyau. Cikin kwalba aka haɗa ganyen da dafin kafin a sa wa ɓera, ba bayan sara ba. Saboda haka wanda maciji ya sara, a gaggauta kai shi gidan likita inda ake da allurar dafi.

Ga kuma sanya, wadda ake yi wa kirari da uwar magunguna. Da aka auna saiwarta, sai aka tarar ƙamshin nan nata mai ƙarfi daga wani sinadari yake fitowa, ɗan'uwan asfirin, irin wanda ake sawa cikin man shafawa na ciwon gaɓɓai. Kun ga ke nan tsofaffin da suke shafa ta don sanyin ƙashi suna kan hanya. Amma awon ya tabbatar kuma da abin da masu magani na kirki suke faɗi, cewa in aka sha ta da yawa guba ce mai kisa.

Geza ita ce ta fi yin nisa. A 2017 likitocin jami'ar Saint-Louis ta Senegal suka buga gwajin da suka yi ga mutum 125 masu hawan jini wanda bai yi tsanani ba. Wasu aka ba su garin ganyen geza, wasu garin zoɓo, wato furen yakuwa, wasu kuma ƙwayar likita. Bayan mako huɗu, jinin masu shan geza da masu shan zoɓo ya sauka, ko da yake bai kai saukar na masu ƙwayar ba. Wannan ba izini ba ne ga mai hawan jini ya bar maganinsa. Amma ya nuna cewa itacen da muke sara don darni da makamashi yana da daraja da ba mu sani ba.

MAGUNGUNAN DA SUKA ISO GA JAMA'A

Kada ku ce duk aikin a takarda ya tsaya. Maƙwabtanmu na Burkina Faso, ƙarƙashin Farfesa Pierre Guissou, sun haɗa magani mai suna FACA domin amosanin jini, wanda wasu ke kira sikila ko emasi. Da saiwar fasa-ƙwari da ta tumfafiya aka yi shi. I, tumfafiyar nan da ke tsirowa a kufai, wadda nononta ke ɓata ido. A Najeriya kuwa, cibiyar binciken magunguna ta Abuja ta karɓi wani haɗi daga hannun mai magani Paul Ogunyale, wanda ya ƙunshi karan dafi da masoro da kanumfari da wani itace na kurmi. Aka gwada shi ga masu amosanin jini, aka ga yana rage yawan tashin ciwon. Aka sa masa suna Niprisan, aka yi masa takardar mallaka a 1998 da sunan mai maganin a ciki, aka fara sayar da shi a 2006. Sai kamfanin da aka ba aikin ya durƙushe a 2008, maganin ya yi shekaru ba a samunsa. Wannan ya koya wa masana cewa gano magani rabin aiki ne, sauran rabin shi ne ya isa hannun majiyyaci kullum da kuɗi mai sauƙi.

Maganin masassarar cizon sauro da ake ba ku yau a gidan likita, shi ma daga ganye ya fito. Lokacin da nibakin ya fara kasa kashe ciwon, wata masaniya ta ƙasar Sin mai suna Tu Youyou ta koma ga tsofaffin littattafan maganin ƙasarsu. A 1972 ita da abokan aikinta suka fitar da sinadarin artemisinin daga wani tsiro ɗan'uwan tazargade. Ku lura, abin da ya taimake ta shi ne kakanninta sun rubuta saninsu, ya jira ta fiye da shekara dubu. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kada a dogara ga jiƙon ganyen, domin ƙarfinsa ba daidai yake ba, kuma shan abin da bai kai awo ba yana koya wa ƙwayar cutar jure magani.

Labarin da ya fi shafar jiharmu shi ne na ibermektin. A shekarun 1970 wani masani ɗan Japan, Satoshi Omura, yana yawo da ƴan jakunkuna yana ɗibar ƙasa, yana reno ƙananan halittun da ke cikinta waɗanda ido ba ya gani. Cikin wata ƙasa da ya ɗebo aka sami wata halitta mai fitar da abin da ke kashe tsutsa. William Campbell da abokan aikinsa a Amurka suka gyara shi, a 1981 ya fito a matsayin maganin dabbobi. Makiyayanmu sun san allurarsa, ta tsutsar ciki da ƙazuwa. A cikin wannan shekara aka fara gwada shi ga mutane a Dakar domin makantar bakin gulbi, wadda wani ɗan baƙin ƙuda ke yaɗawa, wadda kuma ta taɓa addabar ƙauyukan yankin Sayi da Tamu. Daga 1987 aka shiga raba shi kyauta. A ƙasarmu an fara da feshin kashe ƙudan daga 1976 zuwa 1989, daga baya aka bi da rabon ƙwayar. A watan Janairu na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijar ce ƙasa ta farko a Afirka da ta kawar da wannan cuta. Omura da Campbell da Tu Youyou, su uku aka ba kyautar Nobel ta aikin likita a 2015.

HAƘƘIN MAI SANI DA RAN ITACE

Tarihin nan ya zo da rigima a kan wa ke da sanin. Dogon yaro da ke ba mu inuwa, daga Indiya aka kawo shi, kuma mutanen can sun daɗe suna maganin ƙwari da shi. Da aka yi wa wani haɗin mansa takardar mallaka a Turai, manoman Indiya da masu goyon bayansu suka kai ƙara, suka kawo shaida cewa abin sananne ne tun da. Aka soke takardar a 2000, aka tabbatar da sokewar a 2005. Irin wannan ne ya kai ga yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta fara aiki a 2014, Nijar kuma tana cikinta. Abin da ta ce shi ne, wanda zai ɗauki tsiro ko sanin wata al'umma ya nemi yardarta tukuna, in an sami riba kuma a raba da ita.

Sauran magana ita ce ta itacen kansa. Mutanen Kurfai ba su manta farin 1973 da na 1984 ba. Wasu masana Jamusawa biyu, Wezel da Haigis, sun tambayi manoma maza da mata a ƙauyukan Nijar, suka buga amsarsu a 2000, inda manoman suka lissafa itatuwa da yawa da suka ragu ko suka ɓace daga dajinsu. Masu magani su ma suna kukan cewa saiwar da a da ake samu bayan gari, yanzu sai an yi tafiya mai nisa. In itace ya ƙare, sanin tsoho da na'urar jami'a duk sun zama banza. Amma manoman jihar Maraɗi sun nuna hanya tun daga shekarun 1980, da suka riƙa barin tohon kututture cikin gona suna sassabe shi har ya zama itace. Da wannan dabara aka maido da itatuwa a kan hekta wajen miliyan 5 a ƙasar nan.

ABIN DA YA RAGE GARE KU

Jama'a, bincike ba baƙo ba ne a Kurfai. Tun 1954 tashar Tukunus, arewa da Filinge, take aikin kyautata shanun Azawak, kuma sanin makiyaya ne tushen aikin. Na magani ma haka yake tafiya, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kai da ka iya rubutu, da boko ko da ajami, sami littafi ka zauna da tsohonka ko tsohuwarka. Rubuta sunan itace, da ɓangaren da ake ɗiba, da lokacin ɗibarsa, da yadda ake haɗawa, da wanda bai kamata ya sha ba. Sa sunan wanda ya faɗa maka da kwanan wata, domin wannan takarda shaida ce. In baƙo ya zo da tambaya, ku nemi ganin takardar izninsa daga hukuma, ku yi magana gaban maigari, ku kuma roƙi a dawo a faɗa muku abin da aka gano. Mai ɗibar ɓawo kada ya zagaye itace, gefe guda zai ɗiba. Mai tonon saiwa ya bar uwar saiwar, ya mayar da ƙasa. Mai magani kuwa in ya ga yaro yana suma da zazzaɓi, ko mace mai ciki tana zubar da jini, ya tura su gidan likita nan take, wannan ba ya rage masa daraja.

Ga tambayoyi uku da za ku tattauna a ƙungiyoyinku na masu saurare. Waɗanne itatuwan magani ne iyayenku suka sani waɗanda babu su yanzu a dajinku? Su wa suka rage a garinku masu wannan sani, kuma wa yake koyo a wurinsu? Wace doka garinku zai iya sawa a kan sarar itatuwan magani? Ku rubuto mana amsoshinku, za mu karanta su a shiri na gaba.

Ran 31 ga watan Agusta na kowace shekara ita ce ranar maganin gargajiya ta Afirka, tun daga 2003. Muna fata kafin ta zagayo, kowane gari ya sami littafinsa. A nan za mu dakata. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.